Ɗakin Azurfa Ya Mai da Ni Maƙaryaci a Gidana

Zuwa ga mai girma Mudirin kamfanin da ke kula da ɗakunan hutun fasinjojin jiragen cikin gida, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka, musamman na kicin, domin abokan sana'ata ne.

Ranka ya daɗe, sunana Haruna, amma a unguwar Hindawiyya inda nake zaune an fi sanina da Abu Fatima. Aikin hajji ne ya kawo ni ƙasar nan tun ina saurayi, tukunya kuma ta riƙe ni. Na yi shekara ashirin da wani abu ina girki a gidan kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a takardun zama, a unguwar Ruwais, wani dattijon ɗan kasuwa, Allah ya jiƙansa. Da ciwon suga da hawan jini suka kama shi, sai ya zamana ba ya kai loma baki sai na ɗanɗana. Saboda haka duk inda za shi, Riyad ko Dammam ko Abha, ina biye da shi ina tura kekensa, kuma ta haka na san ɗakinku mai daraja ta sama, wanda kuke kira na zinariya. Bayan rasuwarsa ɗansa ya riƙe ni, ya sabunta mini iƙama, wato takardar izinin zama, ya ɗora ni a kan kicin ɗin leburorinsu na unguwar Khumra da na wasu garuruwa. Yawan zirga-zirgar ce ta sa aka ba ni katin shiga ɗakinku na biyu, na azurfa. Na faɗi wannan ne don ka san mai maganar ya san ɗakunan nan biyu da harshensa, ba da jita-jita ba.

Ga abin da ya faru. Maiɗakina Hajiya Sa'adiyya, Bahausar Sudan ce, shekara talatin da 'yan kai muna tare. Duk lokacin da na dawo daga tafiya da marigayi, nakan ba ta labarin ɗakin zinariya: ragon da ke zamewa daga ƙashi, kifi a kan shinkafa, dabino kala-kala. Takan saurara tana tankaɗe ko tana yanka albasa, ta ce Allah ya nuna mata. A Sha'aban da ya wuce ta so ziyarar Madina, gwiwoyinta kuma ba sa ɗaukar zaman bas, sai na yanke mana tikitin jirgi. Katin nan sabo ne a aljihuna, ban taɓa shiga da shi ba, an kuma ce mini ina iya shiga da mutum ɗaya. A tunanina azurfa ƙanwar zinariya ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da na ga Hajiya ta kama shirin guzuri, sai na hana ta da babbar murya. Na ce yau ranar hutunta ce, kada ta kunyata ni da robar abinci a wurin manya. Har karin kumallo na ce ta taƙaita, ta bar wuri.

Muka shiga da hantsi. Jirginmu na kafin azahar ne, bai tashi ba sai bayan la'asar, wannan kuwa ba a wuyanka yake ba. Amma ya ba ni isasshen lokacin da na duba teburinku daga wannan ƙarshe zuwa wancan, na kuma sake shiga sau uku bayan nan don kada in yi muku hukunci da rana ɗaya. Ga abin da na gani.

Na ɗaya, dabino. A ɗakin zinariya na san dabino mai laushi, wani an cire ƙwallonsa an cusa masa lauz, gyaɗar nan ta Larabawa, an jera su kamar sahun salla. A na azurfa iri ɗaya ne tal, ya manne da juna a cikin kwano, sai an sa ƙarfi. Hajiya ta ɗauki ɗaya, ta gwada shi da haƙori, ta naɗe shi a takarda ta ce za ta jiƙa shi idan mun isa.

Na biyu, shurba, wato romon nan da ake sha da cokali, kuma a nan nake roƙon ka saurare ni a matsayin mai girki. Shurbar alkama da ake zubawa a ɗakunan nan biyu daga tukunya ɗaya take fitowa. Na gane hannun mai dafa ta, yana son kirfa, yana jin tsoron gishiri. Bambancin shi ne ta azurfa an yi mata wanka a hanya. Ni ma na taɓa ƙara wa miya ruwa ranar da baƙi suka fi ƙarfin tukunya, ba zan yi musu ba, amma ina bin ta da romo da ɗan tumatir don ta riƙe mutuncinta. Wannan kuwa ruwan zafi kawai aka tuttula mata. Na juya ludayi har ƙasa sau huɗu kafin na gamu da tsoka ɗaya, ita ma ta yi ƙanƙanta har na ji nauyin raba ta da 'yan'uwanta na sama.

Na uku, abinci mai zafi. A sama akwai shi, a ƙasa babu. Abin da ke madadinsa shi ne burodi da cuku a cikin leda, sanyi ƙalau kamar an ciro shi daga asibiti. Hajiya ta kwance ɗaya, ta ɗaga burodin sama ta leƙa, ta mayar ta rufe a hankali kamar mai rufa wa wani asiri. Ranka ya daɗe, a Jidda muke, garin da ko lebura a Khumra yake karyawa da dafaffen waken ful mai zafi da burodin tamis daga tanda. Ban ce a yanka wa 'yan azurfa rago ba. Tulun ful ɗaya a kan wuta ya isa ya wanke ku.

Na huɗu, gahwa. Ta sama da kayan ƙamshinta, hel da za'afaran. Ta ƙasa ina kyautata zaton an nuna mata hel daga nesa.

Na biyar shi ne wanda ya fi ci mini rai. Bangon gilashin da ya raba ɗakunan bai kai rufi ba. Ido ba ya ganin abin da ke can, amma hanci ba ya bukatar kati. Da azahar ta yi aka buɗe tukwanen sama, ƙamshin shinkafa da rago ya tsallako ya zauna tare da mu. Hajiya ta ɗaga kai ta shaƙa, ta dube ni, ta ce, "Ya Abu Fatima, ashe dai akwai ragon. Maƙwabta ne suka yanka."

Na duba agogo. Ga shi lokacin maganinta ya yi, wanda likita ya ce kada ta sha da wofin ciki. Na je ƙofar ɗakin zinariya na roƙi mai tsaronta ya taimaka mini da faranti ɗaya saboda mara lafiya. Ya ba ni haƙuri da ladabi, ya ce ba shi da izinin fitar da ko cokali, kuma na san gaskiya ya faɗa. Na dawo ina lissafin yadda zan fita in nemo wani abu a shagunan waje, sai na tarar Hajiya ta buɗe jakarta ta fito da roba biyu. Ashe ba ta bi maganata ba. Kisra ce, burodin nan na Sudan mai faɗi, da dambun kifi da yaji, ta ɓoye su a ƙarƙashin sallayarta tun da asuba.

Ta dai matsa mini wuri. Wata tsohuwa 'yar Yaman da ke kusa da mu ta miƙo hannu, wasu malaman makaranta biyu masu zuwa Madina suka matso. Ma'aikacinku da ke share tebura, wani dattijo mai furfura ɗan Sudan, da ya ga kisra sai ya tsaya cak, ya ce rabonsa da ita tun barinsa gida. Shi ya kawo mana faranti, Hajiya ta naɗe masa nasa ya sa a aljihu don ya ci bayan aiki. Ina roƙo kada a tuhume shi, bai yi komai ba sai kirki. Ni ma na ci, kaina a sunkuye, kuma na ƙoshi. Iyakar sanina, ranar ce kaɗai aka ci abincin kirki a ɗakin azurfa.

Za ka iya cewa to halas, shi ke nan, ai ba wanda ya kwana da yunwa. Amma ka duba ta wajena. Shekara talatin matar nan tana ciyar da ni, ni da nake wuni ina ciyar da wasu in dawo ba na son ganin murhu. Na tsaya a bayan kujerun mutane ina zuba musu abinci rabin rayuwata. Sau ɗaya na so in ga ita ma ta zauna an zuba mata, abin da ba ita ta dafa ba, ba ni na dafa ba. Wannan ne ya kuɓuce mini, kuma da bakina na jawo.

Tun da muka dawo kuwa labari ya zaga Hindawiyya. Matan unguwa sun sa mini Alhaji Azurfa. Duk labarin da na ɗauko a gida, ko na shekarun baya ne, sai Hajiya ta tambaye ni cikin natsuwa ko da idona na gani, ko shi ma ƙamshinsa na ji. Ranar nan ina ba surukina labarin walimar da na yi wa baƙi arba'in ni kaɗai, abin da ya faru da gaske, sai na ga yana kallon ƙasa yana danne murmushi.

Saboda haka ga roƙona. A sa wa ɗakin azurfa abu ɗaya mai zafi, ko da ful ne da safe, shinkafa da rana, domin a cikin masu jira akwai tsofaffi da masu shan magani. A bar shurba yadda mai ita ya dafa ta, in ba za ta isa ba a rage ludayi. A ba masu tsaron ƙofa izinin fitar da faranti idan rashin lafiya ta taso. Bangon nan kuma, ko dai a ƙarasa shi har sama, ko a riƙa miƙo wani abu ta kansa.

Sai roƙo na ƙarshe, wanda na kaina ne. Ina neman a yarje wa Hajiya Sa'adiyya ta shiga ɗakin zinariya sau ɗaya, na minti biyar, a buɗe mata murafun tukwane ta gani da idonta. Shaida nake nema, don maganata ta dawo da nauyinta a gidana kafin in tsufa gaba ɗaya. Idan kuna bukatar wanda zai nuna wa mutanen kicin yadda ake faɗaɗa miya ba tare da an ci mata zarafi ba, ranar Alhamis ba na aiki, kuma ba na neman lada sai wurin Allah.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya albarkaci zuriyarka, ya sa jiragen da kake sallama su sauka lafiya. Ya kuma kiyaye ka daga yi wa maiɗakinka alkawari da tukunyar da ba kai ke riƙe da ludayinta ba.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Haruna Abu Fatima,
Hindawiyya, Jidda.