Baƙuwar Bayan Dutse

Koira Kano, Yamai
Ranar Talata

Zuwa ga Uwata Priska,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina gajiyar hanya, yaya Dakar da karatun teku? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Da hannu na rubuta, mamarki Marta za ta ɗauki hoton wasiƙar da wayarta ta tura miki, don kin san ni da ke a waya: da gaisuwa muke farawa, da faɗa muke gamawa.

Baƙuwar da kika kawo wa akwatin kifinki na gilashi tana nan. Kin ce sunanta anemon, dabba ce ba fure ba. Ni dai har yanzu fure idona yake gani, mai ƙafa ɗaya da yatsu barkatai. Ban manta da gargaɗinki ba: a bar ta ta zaɓi wurin zamanta, kada a taɓa ta, kada a ba ta abinci sai ta kama wuri. To, ta zaɓa. Duk faɗin akwatin, duk hasken fitilar da ke shanye mana kuran, wato lantarki, sai ta ja jiki ta lafe bayan babban dutsen nan, inda sai mutum ya durƙusa ya karkata wuya kafin ya hango ta. Ɗan kifinki mai ruwan lemo ma ya bi ta can. Ga shi ran Lahadi matan zumunta za su zo kallo, ni kuwa na riga na cika musu baki a majami'a.

Maganar aikin koyarwa a nan Yamai, Malam Zubairu shugaban makarantar ya ce kujerar tana jiranki. Ki sake tunani, Uwata. Ɗiyar ƙasar da ba ta da teku, me za ta tsinta a bakin ruwan wasu?

Babanki,
Dauda

Ranar Litinin

Uwata Priska,

Ina fatan kina lafiya, ke da abokan karatunki. Ni jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Na taɓa ta. Ran Asabar na naɗe hannun riga, na ɗauko cokalin shan kununa, na ce bari in ɗan lallaɓo ta gaba. Ta riƙe dutsen gam. Maimakon in ji kunya in janye, sai taurin kaina ya motsa, na danna cokalin ƙarƙashin ƙafarta har na ji wani abu ya ɗan yage. Na ajiye ta tsakiyar akwatin, daidai ƙarƙashin fitila. Da na ga ta takure sai tausayi ya kama ni, na ce a gidan wa aka taɓa barin baƙo da yunwa? Mu mutanen Dogonduci ne. Na tura mata ƙaton yankin jatan lande a baki.

Da matan suka zo, ta riga ta yamutse kamar tumatirin da ya kwana a rana, baki a wangale, abincin da na ɗura mata yana yawo cikin ruwa. Madam Mariyam ta leƙa, ta sake leƙawa, ta tambaye ni ko abin bai iso ba tukuna. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Mamarki ta zo ta leƙa akwatin. Ita ce ta tsame abincin, ta rage ƙarfin pompon da ke juya ruwan, ta rufe bakinsa da soso kada ya zuƙe ta, ta rage fitila, duk yadda ta ji kina faɗa lokacin da ni nake ce miki na gane, na gane.

Na san watannin da kika ɓata kina daidaita gishirin ruwan nan, na kuma san a cinyarki kika rungumo ta har gida. Amana kika bar mini, na yage ta da cokali don mutane su yaba ni. Ina jin kunya ƙwarai. Ban san ko za ta rayu ba.

Babanki mai laifi,
Dauda

Ranar Juma'a

Uwata,

Ina gaishe ki da kyau. Mamarki ta ce wasiƙata ta shiga, kin kuma buɗe. Shirunki ya iso, na karɓa, na cancanta.

Tana da rai. Tun ran Talata ta fara jan jiki a hankali, da yagaggiyar ƙafarta, ta bar tsakiyar da na zaɓa mata. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi in taimaka, sai na zauna a kansa. Jiya ta isa. Ba ko'ina ta nufa ba sai bayan dutsen, cikin ainihin lungun da na ɓamɓaro ta. Yau bakinta ya rufe, yatsunta sun fara buɗewa, ɗan kifin ya koma yana birgima a cikinsu. Na durƙusa na daɗe ina kallo, sai na lura can ne ruwa ke kaɗawa a hankali, hasken ma ba ya dukan ta. Ashe ta fi ni sanin abin da take nema.

Da na miƙe ban zauna ba, na tafi wurin Malam Zubairu na yi masa godiya, na ce ya ba wani kujerar. Ki zauna inda ƙafarki ta kama. Ni zan riƙa karkata wuya ina hango ki, gwiwa ta fara sabawa.

In kin huce, ki faɗa mini ranar da za a fara ba ta abinci. Kafin nan hannuwana suna cikin aljihu, cokalin kuwa mamarki ta ɓoye.

Allah ya kiyaye mini ke.

Babanki mai jiran amsa,
Dauda