Dawar Bayan Gida Ta Tare Sabis

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki daga Fatakwal. Yaya ƙafarki, yaya mutanen Basirka?

Ina lafiya. Wuni nake a mota ina auna inda sabis ɗin waya yake da ƙarfi da inda yake ɗaukewa. Bayana yana ɗan ciwo, amma da sauƙi.

An ce kina kukan na daina kiranki. Wallahi kullum ina kira. Aikin nan ya nuna mini ganye yana tare sabis, kuma na san dawar bayan gidanmu ta wuce katanga yanzu. Ki sa ƙanwata Batulu ta rataye wayar a saman rumbu bayan la'asar.

In ta ƙi shiga, kada a sare kara ko ɗaya saboda ni. Zan jira girbi in ji muryarki.

Ɗanki,
Abdulsalami