Na Yanke Rodin Saman Gidana

Doña Hermelinda, ina roƙonki ki taimake ni. Na rubuta wannan wasiƙa na yaga, na sake rubutawa, domin abin da zan faɗa ƙarami ne a baki, amma ya hana ni ɗaga kai a unguwarmu.

Ni magidanci ne, na haura hamsin, ina aiki a wani kantin magani a Comas. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma duk ƙasidar da ake rabawa kyauta, ta shagon kayan gini ce, ta asibiti ce ko ta hukumar ruwa, nakan karɓa, in karanta, in ja layi a ƙarƙashin muhimman wurare, in adana. Na faɗi haka ne don ki san ni ba mai gaggawa ba ne, kuma wannan shi ya ƙara mini kunya.

Duk Lahadi 'yarmu Yadira takan zo cin abincin rana da mijinta Wilmer da jaririnsu, domin ɗaki ɗaya suke haya. Bayan an ci shinkafa da kaza sai mu kunna wani shirin ƙasar waje, inda wata mata da mijinta ke sayen tsohon gida, su gyara, su sayar da riba. Iyalina kallon dariya suke yi masa. Matata Zoila takan ce, "Ku dubi waɗannan, bango lafiyayye suke rushewa wai don mai girki ta riƙa ganin falo. To ƙaurin soya kifin fa, a ina zai kwana?" Wilmer kuwa yakan ce bai taɓa ganin maginin da ya gama aiki ran da ya yi alkawari ba sai a cikin akwatin nan. Ni ma nakan yi dariya, amma ta fatar baki ce. A zuciyata ina auna gidana da nasu.

Matar shirin tana da wata al'ada: takan tsallaka titi ta tsaya ta kalli gidan daga nesa, ta ce haka mai saye zai fara ganinsa. Wata safiya, a kan hanyata ta zuwa aiki, na yi yadda take yi. Ban ga fentin da na shafa ba, ban ga ƙofar ƙarfen da muka sha wahala kafin mu sa ba. Rodin da ke tsaye a kan rufin kankare kawai na gani, kowanne da gorar lemo a kife a kansa, sun yi cirko-cirko kamar gashin wanda ya tashi daga barci. Haka duk gidajen tudunmu suke, kuma shekara da shekaru ban taɓa ganin muninsu ba sai ran nan.

Ba sayar da gidan na yi niyya ba, Allah ya sani. So na yi kawai in mallaki gidan da ya yi kama da wanda aka gama. Sai kuma na tarar a wata ƙasida cewa rodin da aka bari a fili yana tsatsa, yana kuma ja wa ginshiƙi damshi lokacin hazon sanyi. Na ja layi biyu a wurin. Da Zoila ta tafi Huancayo bikin garinsu, na kira mai injin yankan ƙarfe. Aka yanke su daidai da rufin, aka shafe da siminti, na mayar da kejin ɓerayen Masar da take kiwo can baya, na yi fenti ruwan toka, na jera tukwanen fure.

Ina tsaye ina jin daɗin aikina sai maƙwabcina Don Eulogio ya leƙo daga nasa rufin. Ya ce, "Maƙwabci, an yi wa gida aski ke nan! Yaushe za a kafa allon sayarwa? Ko yarinyar ce ta yi laifi?"

A nan ne na gane abin da na aikata. Don Eulogio shi ne ya fasa kwalbar sa albarka, bisa al'adarmu, ranar da aka zuba wannan rufin, ranar da mazan layinmu suka yi ta hawa tsani da gwangwanayen kankare, Zoila na dafa musu abinci, aka kafa gicciye da furanni. Da magini ya tambaye ni ko a yanke rodin ko a bari, Yadira na kan kafaɗata, na ce a bari, sama nata ne, in ta girma ta ɗora bene. Kowa ya ji. Ban sake maimaita maganar ba, domin babu bukata. Rodin ne ke maimaita ta kullum. Ita da kanta take hawa ta canja gorunan idan rana ta farfasa su.

Lahadin da ta biyo baya ta hau shanya kayan jariri. Ta daɗe. Da ta sauko ta ce, "Baba, ya yi kyau. Kamar na talabijin." Ta ci abinci, ta wanke kwanuka, ta yi sallama. Ba ta sake zuwa ba. Zoila da ta dawo ta hau ta gani, abin da ta ce kawai shi ne, "Kai wai a ƙasida aka ce maka kana da 'ya, ko sai an buga wata?" Daga bakinta na ji cewa Wilmer ya daɗe yana sayen bulo kaɗan-kaɗan yana tarawa a gidan kawunsa, yana jiran lokacin da zai zo ya yi mini magana. Yanzu sun samo fili can cikin rairayi, inda ko famfo babu, kuma ƙarshen watan nan za su sa hannu.

Na koma ga ƙasiduna neman mafita, sai na tarar wata tana gargaɗi cewa a wurin da ake girgizar ƙasa irin namu ba a yi wa rodin ginshiƙi walda barkatai. Guntayen da aka yanke suna nan a bayan ƙofa, na ɗaure su. 'Yan gwangwan suna wucewa da lasifikarsu, na kasa sayarwa.

Shin in ce mata saboda tsatsa na yi, tunda akwai gaskiya a ciki? Ko in gyara a ɓoye tukuna, in kira ta ta ga sabon rodi? Na kasa tunanin yadda zan dubi idonta in ce kunyar gidan da ta girma a ciki na ji, saboda wasu baƙi a talabijin waɗanda ba su ma san ina duniya ba.

Uban da ya rasa bakin magana,
Comas, Lima

*

Ya kai wannan uba,

Ka bar maganar tsatsa. Yadira ta san dalilin da ya sa ake kifa gora a kan rodi, ita ce ke kifawa. In ka kawo mata wannan hujja za ta ce to, ta je ta sa hannu.

Zan fara da abin da ke gefenka. Son gida mai kyan gani ba laifi ba ne, kuma ba kai kaɗai wannan shiri ya taɓa sa ya raina gidansa ba. Wasiƙun da nake samu sun isa shaida. Amma gidajen da suke nunawa an gama da su ne don a rabu da su. Naka an bar shi buɗe ne don a ƙara zama a cikinsa. Ka auna gidan zama da ma'aunin gidan sayarwa, dole ya faɗi.

Ita ma tana da nata. Da ta tambaye ka, da ba a kai nan ba. Sai dai ka duba, da wane baki 'ya za ta tambayi ubanta dalilin da ya sa ya janye kyautar da bai taɓa furta mata ba tun da ta yi wayo? Shirun ka koya mata, shi ta mayar maka.

Kada ka yi gyara a ɓoye. Aikin ɓoye ne ya kawo ka nan, kuma wata zai ƙare kafin siminti ya bushe. Ka je ɗakinsu a makon nan, kai za ka je, ba kiranta za ka yi ba. Ka tafi da Zoila, amma kai za ka yi magana, Wilmer kuma yana zaune, domin bulonsa ma yana cikin zancen. Ka faɗa mata abin da ka faɗa mini, har da tsallaka titin. Kunyar da kake gudu ita ce kaɗai za ta gamsar da ita cewa wauta ka yi, ba korarta ka yi ba. 'Ya takan yafe wa ubanta wauta da sauri.

Bayan haka ka nemi injiniyan gini mai lasisi, ba mai walda ba, ba kuma ƙasida ba. Sau da yawa akan sami hanyar fasa kan ginshiƙi a haɗa sabon ƙarfe, amma shi zai duba ya ce ko naka zai ɗauki bene. Ka bar Wilmer ya tsaya a wurin ya ji da kunnensa. In ya ce zai yiwu, ku je a rubuta sama da sunan Yadira a gaban hukuma. Alkawarin da aka damƙa wa ƙarfe, ka ga yadda injin yanka ya yi da shi a wuni ɗaya.

Ka kuma shirya jin abin da ba ka so. Mai yiwuwa su ce filinsu suke so, ko da a rairayi ne. In haka ta faru, ka taya su ɗaukar bulo da fuska a sake. Abin da kake nema shi ne in za ta tafi, ta tafi tana sane cewa tana da wuri a gidan ubanta.

Guntayen rodin ka ba 'yan gwangwan, sun gama aikinsu. Talabijin kuma kada ka hana kunnawa. Ka zauna kusa da Zoila ka riƙa sauraron sharhinta, ta fi matar shirin sanin gidanku.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya nuna maka Lahadin da za ka ji takun jikanka a saman kanka har ka yi ƙorafin hayaniya.

Doña Hermelinda