Kilomita Huɗu Kafin Layi

Colac, 24 ga Mayu

Zuwa ga ɗana Fraser,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ruwan sama. Yayarka Bronwyn tana gaishe ka. Ka san waya ba ta yi mini rana tun da kunnen nan ya yi nauyi, kuma dama maganar nan na fi so ta zauna a takarda.

Bayan haka, jiya da rana mun kalli maimaicin tserenku na Italiya a kulob ɗin keke. Mun kai mu arba'in, ba wanda ya leƙa sakamako. Mun ga ka zubar da kowa a hawan dutsen nan, saura kilomita huɗu, tazarar minti biyu tsakaninka da na biye. Tsoho Lindsay har kan kujera ya hau, da gwiwarsa ta ƙarfe. Sai kawai ka dafa kunne, ka daina murza feda, ka shiga waige-waige kamar mai jiran bas. Mutum shida suka wuce ka kana kallo. Da Bafaranshen nan Arnaud ya iso yana haki, ka sa shi a bayanka, kana tare masa iska har layin ƙarshe.

Lindsay ya sauko daga kujera ya ce, "Merv, mantuwa yaronka ya yi a baya?" Aka kwashe da dariya. Na ɗauki hulata na fita.

Shekara goma sha uku kana Turai, tsere ko ɗaya ba ka ci ba. Da hannuna na haɗa maka kekenka na farko. Ashe dakon gorar ruwa nake koya maka.

Ka huta lafiya.
Mahaifinka, Merv Pengilly

Girona, 7 ga Yuni

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa da girmamawa, da fatan kunnen ya yi sauƙi. A gaida Yaya Bronwyn.

Wasiƙarka ta iso. Tunda a kulob ba wanda ya iya lissafi, bari in yi muku. Arnaud shi ne jagoran ƙungiyarmu, shi ke kan gaba a jimillar lokacin tseren, wanda ake mako uku ana yi. A ranar nan sai ƙafafunsa suka mutu a tsakiyar hawa, koci ya kira ni ta rediyon kunne ya ce in jira shi. Na jira. Da daƙiƙa goma sha ɗaya ya ci tseren gaba ɗaya, kuma a bayana ya samo su. Aikin da aka ɗauke ni ke nan, Baba, kuma duk Turai waɗanda suka fi ni iya shi ba su kai biyar ba.

Ka gaida mini Lindsay. Ka ce masa rabon da ya hango fedarsa saboda tumbi, tun ina firamare. Mutum arba'in da tserensu na mako bai wuce daga mota zuwa teburin giya ba, su ne za su koya mini tsayawa da tafiya?

Akwai wata magana. Ƙarshen bana zan ajiye keke. Gwiwata ta hagu ta gama nata, kuma na gaji da kwana a otal. Sakatariyar kulob ta rubuto tana tambaya ko zan karɓi horar da masu tasowa idan na dawo. Na ce ina so. Ta ce sai kwamiti ya amince, kai ne kuma shugabansa.

Na bar ka lafiya.
Ɗanka, Fraser

Colac, 22 ga Yuni

Fraser,

Gaisuwa. Muna lafiya.

Maganar horarwa ta zo gaban kwamiti, na ce a ɗaga ta zuwa watan Agusta, kuma ranar zan ƙi. Gara ka ji daga bakina. Me za ka koya wa 'ya'yan mutane? Kama birki? Iyaye suna kawo su ne don su ci tsere, ba don su iya ladabi ga Bafaranshe ba.

Ka ce waɗanda suka fi ka ba su kai biyar ba. Madalla. A jerin masu riƙe wa wani ƙofa, ɗana ne na biyar.

Ni ban je Turai ba. Shanu nake tatsa da asuba kafin in hau keke. Amma a 1984 na ci tseren gundumar yamma, kilomita ɗari biyu da goma, iskar teku tana dukan fuska tun daga farko har ƙarshe. Na doke Clarrie Doolan da rabin taya, kuma Clarrie a lokacin ba shi da na biyu a jihar nan. Ba wanda ya jira ni, ba wanda ya tare mini iska. Hoton yana nan a bangon kulob. Duk wanda ya shigo sai ya ga sunan Pengilly. Naka sunan fa, a wane bango yake?

Mahaifinka, Merv

Girona, 9 ga Yuli

Baba,

Ina gaisuwa.

Na so in mutu da maganar nan a cikina, amma kai ka tono ta.

Mako ɗaya kafin in taho Turai, Clarrie ya kira ni shagonsa ya gyara mini sirdin keke. Ya ce, "A can za su sa ka yi wa wasu aiki. Kada ka ji kunya, ni ma na taɓa yi." Na ce wa ya yi wa? Ya yi dariya, sannan ya ba ni labarin 1984. Ya ce tun saura kilomita sittin ƙafarka take ɗaurewa, ka lafe a bayansa ba ka karɓi gaba ko sau ɗaya ba. Da kuka hango layi ka ce masa, "Clarrie, bar mini wannan. Kai kana da wasu." Ya bar maka. Ya ce bai taɓa nadama ba, don ya ga yadda mahaifinka ya rungume ka a ranar.

Idan ka ce ƙarya ce, ka sa tabarau ka matsa kusa da hoton nan naka. Ka dubi hannun daman Clarrie. Yatsu biyu suna kan birki. Ina da shekara ashirin da ɗaya na gani, na yi shiru don kai.

Shekara arba'in kana shan giya a ƙarƙashin hoton. Clarrie kuwa shekara shida ke nan yana gidan tsofaffi a Geelong tun da mantuwa ta kama shi, tafiyar awa ɗaya, ko sau ɗaya ba ka leƙa shi ba. Ni aƙalla Arnaud ya san ya gode mini.

Ka ƙi a kwamiti idan ka ga dama.

Ɗanka, Fraser

Colac, 30 ga Yuli

Ƙanena Fraser,

Gaisuwa da fatan gwiwar da sauƙi. Ni aka bar wa rubutu, tunda ku biyun kun gama yaƙinku na takarda, ina can ina fama da shanu ɗari da tamanin.

Baba ya karanta wasiƙarka ya ce Clarrie maƙaryaci ne tun yana yaro. Kwana tara bai je kulob ba. Ranar Lahadi ya ce in kai shi Geelong.

Clarrie ko 'yarsa ba ya ganewa yanzu. Amma muna shiga ya ɗago, ya ƙura wa Baba ido, ya ce, "Merv, shiga bayana. Iskar nan za ta kashe ka." Baba ya zauna a gefensa kusan awa guda.

A hanyar dawowa ya ce bayansa na ciwo, ba zai samu zuwa taron kwamiti ba, su yi abin da suka ga dama. Ya kuma ce in gaya maka, har gobe da shi ne a kan dutsen nan, da bai tsaya ba. Na ce masa ai wannan kowa ya sani.

Ka kula da kanka.
Yayarka, Bronwyn