Baƙar Kwat Ɗin Umma

Zuwa ga Ummata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Na san za ki ce wace irin yarinya ce wannan, muna gida ɗaya tana rubuto mini wasiƙa. Kin san bakina, nauyi gare shi.

Umma, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ga abin da ya faru a taron masana na bara a otal, lokacin shan shayi. Kin ɗauka ina can lungu ina gadin jakarki, kaina a cikin littafin soyayya. Littafin a buɗe yake, amma ke nake kallo.

Kina tsaye kusa da tebur cikin baƙar kwat da farar riga, zaɓin Goggo. Wai masana ba sa sa kaya masu launi, wai in kin yi ado rigar za a kalla a manta da bincikenki. Goggon da ko ƙofar irin wannan taro ba ta taɓa leƙawa ba. Ba wanda ya gaya mana kayan ma'aikatan otal ɗin ke nan, baƙi da fari. Katin sunanki da ke rataye a wuya kuma ya juya baya. Sai wani dattijo mai furfura, yana ta zuba da abokinsa, ya miƙo miki kofin da ya shanye, ko kallonki bai yi ba. Har da cewa a ƙaro shayi da sukari.

Kika karɓa, Umma. Da hannu biyu. Har da murmushi.

Wata ma'aikaciya ce ta rugo ta amshe shi, kanta a ƙasa, kamar ita ta yi laifin.

Abin da ya fi ƙona mini rai, dattijon nan ne ya shugabanci zaman da kika gabatar da takardarki. Ya tafa, ya yaba, ya kira ki Dakta. Bai ma gane ki ba. A mota kika ce taro ya yi daɗi, na ce e.

A littattafaina, a daidai nan ne wani zai taso daga ƙarshen zaure ya ce, malam, ka san ko wace ce wannan? Na jira. Kowa na ta taunar biskit. Ni da na san ko wace ce, ban tashi daga lungun ba. Tun ranar nake tsara abin da ya kamata in gaya masa, madubin banɗaki ne ke shan faɗan.

Haushin kowa nake ji. Nasa, na Goggo, nawa. Ki yafe mini, har da naki. Ke da kika yi shekaru kina ɗebo ruwan rijiyoyi a kwalabe kina aunawa, tsayuwa a ɗakin gwaji ta cinye miki ƙafa. Ke ce kullum kike ce mini in yi karatu don kada kowa ya raina ni. To in nawa ya kai inda naki ya kai, kofi za a miƙo mini? In haka ne, me zai sa in ajiye littattafan da kike yi mini faɗa a kansu? Su dai ba a wulaƙanta mace a cikinsu a tafi a banza.

Yanzu ga taron bana jibi, a otal ɗin dai. Da na ga kin fito da kwat ɗin kin rataye ta a ƙofa, sai na yanke shawara. Ni na ɗauke ta. Tana ƙarƙashin katifata, ta yamutse, ban kuma yi nadama ba. Mai guga bai ɓatar da ita ba, Yaya ma ba ta ara ba.

Ki sa koriyar rigar nan mai dogon hannu, wadda in kin sa Abba ke tsokanarki da ranki ya daɗe. Tana da aljihu, ba ta takura ki, kuma ta dace da takalminki mara tsini, wanda ba ya tayar miki da ciwon. Na san za ki ce riga ba ta hana mai raini raini. Gaskiya ne. Shi ya sa ba rigar kaɗai nake roƙo ba. In wani ya sake miƙo miki kofi, ki bar hannunsa a sama har sai ya ɗago ya dube ki.

In koriyar ce, zan bi ki in riƙe jaka. In baƙar ce, ki tafi da Yaya. Ba zan iya sake gani ba.

Niyyata in tura wannan ta ƙarƙashin ƙofarki in gudu gidan ƙawata. Amma ga shi ina jiyo ki a falo kina neman lambar mai guga, muryarki ta fara hawa, shi kuwa bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Zan fito in ba ki wasiƙar hannu da hannu, in tsaya har ki kai ƙarshe. In faɗa ne, ni za ki yi wa.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Taki, mai fushi da ke don tana sonki,
Auta