Ƙwallonka Yana Nan Ƙarƙashin Kasko

Tsamiyar Yuguda,
ta Makoda.
12 ga Afrilu, 1985.

Zuwa ga ƙanena Khalilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Rukayya da yara a can Ibadan. Mu nan mun gode Allah. Inna tana nan da ciwon ƙafarta, matata Mairo ta sauka lafiya an samu mace. Hatsi kam ba a magana, bara ko iri ba mu mayar ba, kuka da rama ne suke riƙe da gari. Amma wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abin ci.

Na san labarin rasuwar Mika'ilu ya iso maka, watansa biyar ke nan. Abin da bai iso maka ba shi ne maganar filin bayan gidansa. Ka tuna ranar da ya dawo daga aikin lambu a gidan Baturen gona a Kano, ɗauke da akwatin da aka sallame shi da shi? Gari ya taru ana zaton dukiya ce, sai ga gudumomin katako huɗu, da ƙwallaye masu launi, da ƙofofin ƙarfe shida. Ya ce sunan wasan kuroke. Kai ka ce in haka Turawa ke sallamar bara, gara noma. To wa ya fi ka nacinsa daga baya?

Wallahi, Khalilu, ban taɓa jin daɗin duniya kamar a filin nan ba. Ni da kai da Mati da Mika'ilu, kullum bayan la'asar. Dokokin Bature ba mu san rabinsu ba, muka kafa namu. In za ka kori ƙwallon wanda ya girme ka, sai ka ce masa gafara tukuna. Kuma ba a tsallake bugun mutum. In salla ko kasuwar Ɗambatta ta ɗauke shi, a kifa kasko a kan ƙwallonsa har ya dawo. Shekarar da fari ya fara, muna fita da yunwa mu dawo da yunwa, amma a tsakani mun yi dariya har da riƙe ciki. Ni da Mati mun shekara bakwai ba ma ga maciji kan iyakar gona, wasan nan ne ya shirya mu. Da ba don shi ba da sanƙarau ya ɗauke Mati muna gaba. Wannan kaɗai ya isa in gode wa Allah har in mutu.

Ranar da za ka tafi cin rani, bugunka ne a ƙofa ta huɗu. Motar Kano ta yi ƙaho, ka kifa kaskonka ka ce da ruwan farko za ka dawo. Damina uku ke nan. Mika'ilu ya hana kowa taɓa komai. Kullum yana share filin, yana cewa tsoronsa ka ji ka gudu, don ƙwallonsa na gab da naka. Ko da ciwo ya kwantar da shi, in na shiga gaishe shi, abin da zai fara tambaya shi ne ko ka aiko da ranar zuwa. Kwana biyu kafin ya cika ya ce wa matarsa Asiya kada fartanya ta taɓa filin sai ka yi bugunka.

Ga inda matsalar take. An raba gado, filin nan shi ne kason Asiya da marayunta uku. Ka san ƙasarmu, ko wurin ɗaure akuya da mai shi. Ba su da wata gona. Liman ya faɗa mata maganar Mika'ilu ba wasiyyar da ta zama dole ba ce, ta ce ta sani, amma sau biyu tana ɗaukar fartanya hannunta yana ƙin ɗaguwa. Taki yana nan jibge a bakin filin, ba a watsa ba. In ruwan farko ya sauka ba ta shuka ba, ban san abin da yaran nan za su ci ba.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba sai kai. In na idar da la'asar ina zaune a ƙofar gida, sai in ji ƙarar katako a kan katako daga filin, sau ɗaya tak. In na zagaya ba kowa, sai ƙofofin da suka yi tsatsa. Na ɗauka tsufa ne, sai rannan Asiya ta tambaye ni ko ni ne nake buga ƙwallo da yamma. Na ce mata eh, don kada ta tsorata. Allah ya yafe mini ƙaryar. Ba tsoro nake ji ba, kewa ce take neman kashe ni. Mu huɗu ne, yanzu ni kaɗai nake tsaye a wurin.

Makon jiya na ɗaga kaskonka, karo na farko. Gara ta cinye cikin ƙwallon, fentin shuɗin ne kawai ya riƙe shi. Na mayar da kaskon a hankali, ban taɓa shi ba.

Saboda haka ka zo kafin ruwa, ko na kwana ɗaya ne. In hali bai yi ba, ba zan ga laifinka ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ka aiko da layi biyu kawai cewa ka wakilta ni. Zan yi maka bugun, in ce wa Mika'ilu gafara a madadinka, sannan in tumɓuke ƙofofin da hannuna Asiya ta yi shuka. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka ji tsoron Allah ka zo ta gan ka. Mairo da abokiyar zamanta Barira suna gaida Rukayya. Ka shafa mini kan yara. Asiya ma tana gaisuwa, ba ta ce in roƙe ka komai ba, ni ne nake roƙo.

Mu duka, da na raye da na kwance, kai muke jira. Bugunka ne.

Naka yayanka,
Lawan.