Inuwar Bakin Ɗakin Hoto

Daren Laraba, Birnin Kudu, 1978

"Hajiya, wallahi kafin azumi za a gyara ƙofar ɗakin hoton ƙashi." In ji Alhaji Sule, sakataren asibitinmu. Har an yi sallah!

Yau na sa wa na'urarmu ta auna hasken injin hoto sabon batir, na miƙa ta bakin ƙofar ana ɗauka. Allura ta yi tsalle. Daidai nan matan Gwaram ke shimfiɗa tabarma, har da masu ciki. Na tashe su. Wata tsohuwa ta ce, "'Yar nan, inuwar ma rowa?" Amma sun koma gindin darbejiya.

Ni na kamo abin da ido bai gani, kuma na ji daɗina.

Na ba Alhaji zuwa Litinin. In ta wuce, zan kulle ɗakin, in ƙulle mabuɗin a bakin zanena.